Shekarar Farko a Babbar Makaranta: Gargaɗi ga 'Ya'yanmu da Iyayensu

Jawabin da aka gabatar a taron sallamar sababbin ɗalibai



Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Akwai dattawa a cikinmu waɗanda a zamaninsu, in yaro ɗaya ya gama firamare a ƙauye, har ƙauyukan kewaye sai sun ji labari. Yau ga shi muna sallamar 'ya'yanmu maza da mata zuwa jami'a, da kwalejin fasaha, da kwalejin ilimi, da makarantun koyon aikin jinya. Mun kuma san abin da aka sha kafin a kai ga wannan. An sayar da hatsi tun da kaka, an kai akuya kasuwa, wasu har sun jinginar da gona. Saboda haka ba za mu tsaya ga taya murna kaɗai ba, gama shiga makaranta daban, fitowa da takarda kuma daban.

Maganar da muke so mu bar muku ɗaya ce. Babu shekarar gwaji a babbar makaranta. Yara da yawa sukan ɗauka cewa shekarar farko ta sanin gari ce, karatu sai an shiga ta biyu. Ba haka ba ne. Makin da ɗalibi ya samu a jarrabawarsa ta farko zai bi shi har ranar da zai karɓi takardar gamawa. Abokan da ya yi a makonnin farko, da irin zaman da ya saba, su ma sukan bi shi. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Babu mai kaɗa ƙararrawa

'Ya'yanmu, a sakandare ƙararrawa ke tashe ku, ita ke kai ku aji, ita ke kiranku cin abinci. In kun makara akwai mai tsayawa a ƙofa da bulala. A gida kuma Baba ne ke tayar da ku addu'ar safe kafin a tafi gona. Inda za ku babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Makaranta irin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, gari ce guda mai dubban ɗalibai. A shekarar farko za ka iya zama a ɗakin lacca tare da mutum ɗari biyar ko fiye. Malami bai san sunanka ba, lamba ce kawai yake gani a takarda. In ka kwana uku ba ka fita daga ɗaki ba, ba wanda zai zo nemanka. Wannan 'yanci ne, amma shi ne ya kā da yara da yawa waɗanda suka fi kowa ƙoƙari a sakandare. Daga yanzu kai ne mai kaɗa wa kanka ƙararrawa.

Na farko: takardu da rajista

Kafin ka bar gida, ka tabbata ka karɓi gurbin karatunka a shafin hukumar JAMB, ka kuma buga takardar shaidar ɗaukarka. Tun 2017 hukumar ta kawo tsarin da ake kira CAPS, ta nan ne ake tabbatar da kowane gurbi. Wanda wani ya ce ya samo masa makaranta ta bayan gida, sunansa kuwa bai shiga kundin JAMB ba, yana iya yin shekara huɗu yana karatu, sai lokacin tafiya hidimar ƙasa ya tarar da cikas.

Ka jera takardunka ka duba su ɗaya bayan ɗaya: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, lambar NIN, takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a cikinsu duka. A wurinmu wannan matsala ce da ta yi yawa, domin yaro yakan kasance da sunan gida da sunan baftisma, a rubuta wannan a nan, a rubuta wancan a can. A gyara tun yanzu ya fi sauƙi. Ka yi kwafin kowace takarda, ka ɗauki hotonta a waya, ka bar kwafi ɗaya a gida wurin iyaye.

Kuɗin makaranta kuma a biya ta hanyar da makarantar ta sanar kawai. A lokacin rajista akwai masu yawo a bakin ƙofa suna cewa za su taimaka, a tura kuɗi a asusunsu. Kada ka ba su. Kowane rasit ka adana shi har ka gama makaranta, gama za a tambaye ka su a ƙarshe.

Bayan biyan kuɗi akwai rajistar darussa, wadda ita ce ta fi muhimmanci. Kowane darasi yana da lamba da nauyinsa. In ka zauna jarrabawar darasin da ba ka yi wa rajista ba, ka yi aikin banza. In kuma ka yi rajistar darasi ba ka zauna jarrabawarsa ba, za a rubuta maka faɗuwa. Kowane sashe yana da malamin da aka ɗora wa kula da 'yan shekarar farko. Ka neme shi, ka san ofishinsa, ya duba takardarka ya sa hannu. Ka halarci taron wayar da kan sababbin ɗalibai, ka karɓi littafin dokokin makaranta ka karanta shi. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, amma matambayi ba ya ɓata.

Na biyu: yadda ake lissafin maki

Muna roƙon iyaye su ma su saurari wannan da kyau, domin ku san abin da za ku tambayi 'ya'yanku. A yawancin jami'o'inmu, wanda ya ci 70 zuwa sama cikin 100 ya sami A, wato maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, maki 3. Daga 45 zuwa 49 D ne, maki 2. Daga 40 zuwa 44 E ne, maki 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, babu maki. Ana ninka makin da nauyin darasin, a tara duka, a raba da jimlar nauyin darussan da ɗalibi ya ɗauka. Abin da ya fito, in aka haɗa tun daga zangon farko, shi ake kira CGPA. Kwalejojin fasaha suna yin nasu lissafin a kan maki 4, amma hanyar ɗaya ce.

Da wannan lamba ake raba darajar digiri. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba. Daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama. Daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Ma'aikatu da yawa da masu ba da tallafin ƙaro karatu sukan nemi daraja ta biyu babba.

To, bari mu yi lissafi tare. A ce karatun shekara huɗu ne, nauyin darussan kowace shekara kuma daidai yake. Yaro ya yi wasa a shekarar farko, ya tashi da 2.00. In yana so ya gama da 3.50, dole ya sami 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, wato kusan B a kowane darasi, ga shi kuwa darussan gaba sun fi wuya. Wanda ya tashi da 4.00 a shekarar farko, ko ya ɗan yi tuntuɓe a gaba yana da abin dogara. Darasin da aka faɗi kuma ba ya ɓacewa. Sai an sake shi a shekara mai zuwa a kan nauyin sababbin darussa, shi ne ɗalibai ke kira kari-oba. Wanda makinsa ya yi ƙasa ƙwarai ana ba shi gargaɗi na shekara guda, in bai gyara ba a sallame shi. Iyakar makin ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta, kowa ya duba littafin dokokinsa.

Na uku: yadda za ka yi karatu

Ka je kowace lacca, ka je da wuri, ka zauna a gaba. A ɗaki mai ɗaruruwan mutane wanda ke baya ba ya jin komai sai hirar maƙwabcinsa. Dokar yawancin makarantu ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a bar shi ya shiga jarrabawa. Ban da haka, maki 30 ko 40 cikin 100 daga gwaje-gwajen cikin zango da ayyukan gida suke fitowa, wani malamin kuma ba ya sanar da ranar gwajinsa. Wanda ya rasa waɗannan ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya.

Abin da aka koyar yau, ka duba shi yau kafin ka kwanta. Zangon karatu gajere ne, sau da yawa rajista takan ci makonnin farko, kafin ka farga an kafa jadawalin jarrabawa. Karatun dare ɗaya da ruwan shayi bai taɓa maye gurbin karatun wata uku ba. Ka rubuta jadawalinka na mako: lokacin lacca, lokacin laburare, lokacin girki da wanki, lokacin sujada, lokacin barci. Ka nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya daga waɗanda suka riga ka. Ku haɗu ku uku ko huɗu masu himma kuna bitar darasi tare.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, amma mu za mu faɗa. Yawancin 'ya'yanmu daga makarantun ƙauye suka fito, inda ake bayyana darasi da Hausa. Za ku tarar da yaran birni suna zuba Turanci kamar ruwa, har ka ji kunyar buɗe baki. Kada wannan ya karya maka zuciya. Iya Turanci ba shi ne kaifin ƙwaƙwalwa ba, amma da shi za a yi maka jarrabawa, saboda haka ka neme shi kamar yadda ake neman ruwa da rani. Ka riƙe ƙamus, ka karanta shafi biyu ko uku na wani littafi kowace rana, ka rubuta sababbin kalmomi, ka yi tambaya a aji ko da za a yi dariya. Dariyar ta yini ɗaya ce. Kada kuma ka rena darussan gama-gari irin na Turanci da ake ba kowa a shekarar farko, gama makinsu yana shiga lissafi kamar na sauran.

Waya kayan aiki ce. Ta nan ake sanar da canjin lokacin lacca, ta nan ake raba takardun darasi. Amma ita ce kuma ɓarawon lokaci mafi girma a makaranta. Yanzu har akwai manhajojin da za su rubuta maka aikin gida cikin minti ɗaya. Ka tuna ba za su shiga ɗakin jarrabawa tare da kai ba. Satar amsa kuwa, ko shiga da 'yar takarda, ko rubuta wa wani jarrabawa, hukuncinta dakatarwa ne ko kora. Gara ka faɗi darasi da gaskiya ka sake shi, da a kore ka a shekara ta uku da kunya.

Na huɗu: kuɗi, abinci, ɗaki da lafiya

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na abinci sun tashi, makarantu da yawa kuma sun ƙara kuɗin rajista. Abin da za a ba ka ba zai yi yawa ba. Ranar da ya shigo hannunka ka raba shi a rubuce: na abinci, na buga takardu, na mota, na data, na baiko. Ka ware kuɗin motar komawa gida ka ɓoye, kada ka taɓa shi ko da yunwa ta matsa. Ana iya rufe makaranta ba shiri, a ce kowa ya bar ɗakin kwana kafin yamma. Wanda ba shi da kuɗin mota a irin wannan rana yakan shiga hannun da bai kamata ba.

Ku tafi da abincin gida: garin masara ko na dawa, wake, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, yaji da man gyaɗa. Ɗan ƙauye da ya iya girki ya fi ɗan birni mai sayen abinci kullum daɗewa da kuɗinsa. Kada kunya ta hana ka tuƙa tuwo a makaranta.

Akwai kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda hukumar NELFUND ke bayarwa ga ɗaliban makarantun gwamnati. An sa hannu a dokarsa a watan Afrilu na 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Babu ruwa a kansa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana kuma fara mayarwa shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Ɗalibi da kansa yake nema a shafin hukumar, ba a biyan kowa ko sisi domin a shigar da suna. Taimako ne ga mai bukata, amma a tuna bashi ne, iyaye da yaro su zauna su yi shawara kafin a ɗauka. Ku bincika kuma hukumar tallafin karatu ta jiharku.

Ku yi nesa da cacar ƙwallo da ake yi a waya, da masu cewa ka zuba dubu goma ka kwashi dubu ashirin. MMM ta rushe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta yi haka a 2025, gobe kuma wata za ta fito da sabon suna. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kada ka ba kowa aron asusunka na banki ko layin wayarka domin a tura masa kuɗi. In kuɗin zamba ne, sunanka hukuma za ta bi.

Wurin kwana a cikin makaranta ba ya isar kowa, sai a nema da wuri. In dole ta sa za ka kama ɗaki a waje, ka je da wani babba ya ga unguwar da mai gidan kafin a biya. Ka yi rajista a asibitin makaranta a makon farko, kada ka jira sai ciwo ya kwantar da kai. Ka tafi da gidan sauro. A lokacin zafi ku bar taga a buɗe, gama sanƙarau yana son ɗaki mai cunkoso. Zazzaɓin da ya zo da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, a kai mutum asibiti nan da nan. Mai ciwon sikila ko asma ya gaya wa abokan ɗakinsa. Kada kuma a bar hita ko risho a kunne a fita.

Kewar gida za ta zo, musamman a wata na farko. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Amma in baƙin ciki ya daɗe, ba ka iya barci, ba ka son abinci, ba ka son ganin kowa, kada ka rufe shi a ciki. Ka gaya wa fasto ko limamin majami'ar makaranta, ka kira gida, ka je asibiti.

Na biyar: abokai

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A makonnin farko kowa yana neman aboki, masu neman ɓata yara ma sun san haka. 'Yan ƙungiyar asiri ba sa zuwa da wuƙa a ranar farko. Da alheri suke zuwa: a saya maka abinci, a taimake ka rajista, a ce za a kāre ka, sa'an nan a gayyace ka wani taro da dare a bayan gari. Duk wanda alherinsa ya yi yawa ba dalili, yana kuma son ka ɓoye inda za ku, ka janye jiki. Haka masu ƙwaya. Sukan ce tana taimakon karatun dare. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana tun 2018, sun lalata yara masu basira da yawa.

'Ya'yanmu mata, muna magana da ku kamar iyaye. Sabuwar ɗaliba ita ce abin farautar kowa. Kyautar waya ko kuɗin kati ba ta zuwa banza. In wani malami ko ma'aikaci ya nemi ki da lalata domin maki, ki sani laifi ne a dokar makaranta. Kada ki je wurinsa ke kaɗai, kada ki goge saƙonninsa, ki gaya wa wata babba da kika amince da ita, a kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai. Mu ma ki gaya mana, ba za mu ɗora miki laifi ba. Ku kuma 'ya'yanmu maza, ku riƙe 'yan matan nan kamar ƙannenku. Karatu aka aike ku.

Na shida: zama da jama'a da riƙe bangaskiya

Zama cikin waɗanda ba addininmu ɗaya ba, ba baƙon abu ba ne a gare mu. Da su muka tashi, wasu ma danginmu ne na jini. A ɗakin kwana za ka zauna da Musulmi, da Bayarabe, da Ibo, da mutanen da ba ka taɓa jin sunan ƙabilarsu ba. Ka girmama kowa. In abokin ɗakinka yana salla, ka rage ƙarar waya. In yana azumi, ka yi la'akari da shi wajen cin abinci. Da yawa daga cikinsu za su zama abokan arziki har tsufa.

Amma ku kiyaye harshe, musamman a zaurukan WhatsApp na aji. Dukanmu muna tuna ɗalibar da aka kashe a wata kwaleji a Sakkwato a watan Mayu na 2022, bayan wani saƙo a irin wannan zaure. Babu abin da ya halatta wannan kisa, har yau kuma zuciyarmu tana ciwo. Muna ambatarsa ne domin muna so ku dawo mana da rai. Magana zarar bunu ce, wadda aka tura a waya kuwa ba ta gogewa. Kada ku shiga gardamar addini, kada ku taɓa abin da wani yake girmamawa. In an tambaye ku dalilin bangaskiyarku, ku amsa da tawali'u. In kun ga hankali ya fara tashi, ku bar wurin, ku sanar da jami'an tsaron makaranta.

Ku nemi zumuntar masu bi tun ranar Lahadi ta farko. Akwai ƙungiyar FCS, wadda ta faro a Gindiri a 1957, akwai NIFES, akwai NFCS ta 'yan Katolika, ikilisiyoyi da yawa kuma suna da zumuntar ɗalibansu. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a ciki. Sai dai a nan ma akwai tarko. Yaro yakan shiga ƙungiyar mawaƙa, da ta addu'a, da ta wasan kwaikwayo, kowane dare yana majami'a, littafi kuwa yana cin ƙura. Allah ba ya rubuta jarrabawa a madadin wanda bai yi karatu ba. Karatunka ma hidima ce. Ku yi hankali kuma da masu kiran kansu annabawa da ke raba yaro da iyayensa, ko su ce ya kawo kuɗin makarantarsa ya shuka iri.

Ku tuna da Daniyel da abokansa uku. Samari ne da aka kai Babila, aka sa su makarantar shekara uku domin su koyi harshe da ilimin Kaldiyawa, har aka canja musu suna. Ba su ƙi karatun ba, sun ma fi sauran. Amma tun da farko Daniyel ya san iyakar da ba zai ƙetare ba, ya roƙi shugabansu da ladabi, bai kuma tsaya shi kaɗai ba. Ka yanke shawarar abin da ba za ka yi ba tun kana gida, kafin a tambaye ka.

Na bakwai: ga iyaye da dattawan ikilisiya

Iyayenmu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikinmu bai ƙare a tasha ba. Muna ba da shawara kowace ikilisiya ta rubuta sunayen ɗalibanta, da makarantarsu, da abin da suke karantawa, a ɗora wa dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga zumuntar mata su riƙa bibiyarsu. A ba kowane yaro wasiƙa zuwa ga faston garin da zai je. In muna da ɗan'uwa mai iyali a can, a haɗa su, domin yaro ya sami gidan da zai gudu in wani abu ya taso.

In kun kira waya, kada tambayar ta tsaya ga lafiya. Ku tambaye shi su wane ne abokan ɗakinsa, me ya ci yau, wane darasi ne yake ba shi wuya. Ƙarshen kowane zango ku ce ya nuna muku sakamako a takarda. In ba ku iya karantawa ba, ku kai wa malamin makaranta a ikilisiya ya duba. Akwai iyayen da suka yi shekaru suna aika kuɗi, yaron kuwa an riga an sallame shi, tsoro ya hana shi faɗa. Saboda haka in ya faɗi wani darasi, ku yi masa faɗa amma kada ku rufe ƙofa. Yaron da ya san zai iya faɗin gaskiya a gida, ana iya ceto karatunsa da wuri.

Abin da za ku iya aikawa, ko kaɗan ne, ku sa masa rana, domin yaro ya san yadda zai tsara. Kada a ce wa 'ya mace ta yi dabara, gama mun san inda wannan kalma take kaiwa. Kada kuma a cire ta a tsakiyar karatu domin aure. Ikilisiya tana iya ware baiko ɗaya a shekara, ko mudu-mudu na hatsi da kaka, domin marayu da 'ya'yan gwauraye da ke makaranta.

Ku shirya wa jinkiri. Yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata tara a 2020, ya kuma ɗauki wata takwas a 2022. In irin wannan ya sake faruwa, kada yaro ya zauna a gindin bishiya. Ya shiga gona, ya koyi ɗinki ko gyaran waya ko aikin lantarki, ya koyar da ƙannensa masu shirin jarrabawa. In kuma ya dawo hutu da tambayoyi masu wuya a kan bangaskiya ko al'ada, kada mu ce boko ya ɓata shi. Mu zauna mu saurare shi, mu amsa abin da muka sani. In ba mu amsa ba, wani zai amsa masa a waje.

'Ya'yanmu, jama'armu tana bukatar malamai, da ma'aikatan jinya, da likitoci, da lauyoyi, da masanan aikin gona daga cikinta. Ƙannenku suna kallonku, in kun gama lafiya za a sami ƙarfin zuciyar tura su. Ku kama aikin tun makon farko. Ubangiji ya kiyaye fitarku da komowarku, ya ba ku fahimi da abokan kirki, ya sa wa iyayenku albarka a gona da kasuwa domin su iya ɗaukar nauyinku. Muna roƙon ɗaliban su taso gaba, dattawa kuma su miƙe tsaye mu yi musu addu'a.